Muryar da ta Rage Bayan Mai Ita

 Yau zancenmu a kan waƙa ne, da abin da ke samunta bayan an kai mai ita makwanci.

A ƙasar Amurka an yi wata zabiya, sunanta Janis Joplin. A shekarar 1943 aka haife ta, a jihar Texas. Irin waƙarta kuwa ta samo tushe ne daga buluz, wato waƙoƙin baƙin ciki na baƙaƙen fatar ƙasar, aka haɗa da kiɗan garayar lantarki mai ƙara. Ran 4 ga Oktoba, 1970, ta rasu a wani masauki a birnin Los Angeles, tana da shekara 27. Muguwar ƙwayar nan hiroyin ce ta yi ajalinta. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu.

To, a shekarar 1973 kamfanin Columbia ya tsinto waƙoƙinta goma waɗanda suka fi tashe, ya zuba su a faifai guda, da sunanta da hotonta. An sayar da miliyoyi, har yau kuma ana saye. Ba don tausayi kamfani ya yi wannan ba, riba yake nema, waƙa goma kuma ba za su ɗauke rayuwar mutum duka ba. Amma duk da haka, yarinyar da aka haifa jiya tana iya sanin wace ce ta yi waƙar, da shekarar da ta yi ta.

Abin da ya fi kama mini hankali cikin labarinta shi ne wannan. Akwai wata babbar zabiya baƙar fata, Bessie Smith, wadda Janis ta koyi waƙa ta wurin sauraron faya-fayanta. Ta rasu tun 1937, kabarinta ya shekara 33 ba ko alama. Wata biyu kafin Janis ta rasu, ita da wata mata suka biya kuɗi aka kafa dutse mai ɗauke da sunanta. Kun ji mai sanin wanda ya share mata hanya.

Yanzu mu komo gida. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ba? 'Yar Funtuwa ce, nan kusa da mu, gwanar amada, da ita da matanta masu kiɗan ƙwarya. Ta yi wa mata waƙa a kan kishi, da haihuwa, da kama sana'a, ta faɗi abin da ke zuciyar matan kulle a fili. Ta rasu a 2013. Yau in kina son waƙarta, sai ki aiki yaro kasuwa wurin masu tura waƙa, a zuba miki a waya. Sau da yawa ba sunan waƙa, ba shekara, wata ma an yanke mata wutsiya. Kuɗin kuwa a aljihun mai shago yake tsayawa, alhali dokar Nijeriya ta bar wa magada haƙƙin waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita.

Ba a ce ba a yi kome ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya rubuta tarihin Barmani, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara waƙoƙin makaɗa da yawa cikin Diwanin Waƙoƙin Baka. Allah ya saka musu. Amma su Barmani sun shiga rediyo, an ɗauki muryarsu. Ina labarin iyayenmu da kakanninmu na cikin ganuwa, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan? Waƙar niƙa ta tafi tun da injin niƙa ya zo. Waƙar daɓe siminti ya kore ta. Ta reno da ta gaɗa da ta kai amarya su ma suna kan hanya. Malamin jami'a namiji ba shi da ikon wuce zaure, mu ne ke shiga har ƙuryar ɗaki. In ba mu yi ba, wa zai yi?

Saboda haka ga aikin da na ba ku, ku 'yan makaranta. Ranar da ba karatu, ki je wurin kakarki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki nemi izninta, sa'an nan ki ɗauki muryarta da waya. Ki sami littafi ki rubuta sunanta, da unguwarsu, da kwanan wata, da wurin wanda ta koya, da lokacin da akan yi waƙar. Kalmar da ba ki gane ba ki tambaya, kada kunya ta hana ki. Kada kuma ki watsa wa duniya sai ta yarda, don muryarta amana ce a hannunki.

Ku kuma uwayen gida, in yarinya ta zo da wannan buƙata kada ku kore ta, ku ce shirme ne. Da sauran kuka ake miya, tun tsofaffinmu suna da rai za a nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.