Kwandon «Biyo» da Naman Watanda



Wata sabuwar al'ada ta shigo manyan garuruwanmu, musamman Yamai. Ma'aikaci yana zaune a buro, sai ya aika saƙo ta salula. Kafin azahar ga yaro bisa babur ya kawo masa kwando har ƙofar gida: salati, shu, karoti, tumatir da ɗan zogale. An ce masa kayan nan «biyo» ne, wato an noma su ba angire, ba maganin ƙwari na kwalba. Kuɗinsu ya fi na kasuwa, ya biya yana murna. Wani kuma ya ce shi ya bar cin naman mahauta. Ran Lahadi zai shiga mota ya tafi Baleyara ko wata ruga, ya sayi rago, a yanka masa, ya zo ya cika firigo. In ka zauna da su, sai su riƙa dubanka kamar mai ciyar da iyalinsa guba da gangan.

Ni dai ga ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye. Kwandon nan, in ba ka san garkar da ya fito ba, cinikin biri ne a sama. Sayen dabba a tsaye kuwa akwai riba cikinsa, amma ba ta hanyar da waɗannan mutane suke bi ba.

Kada wani ya ce na raina tsoronsu. Tsoron yana da tushe. Tun da aka ƙarfafa noman rani bayan farin 1984, garake suka yawaita, daga Jiratawa zuwa Ƙonni har bakin kogi a Yamai. Alheri ne babba, ya rufa asirin gidaje da yawa. Amma inda garka take ƙwari suna zuwa, inda ƙwari suka zo kuma kwalba tana biye. Tun cikin shekarun 1990 ƙasashen CILSS suka kafa kwamiti guda a Bamako, domin ya duba kowane maganin ƙwari kafin a yarda a sayar da shi. To, je ka kasuwar ƙauye ranar da take ci, ka tsaya gaban teburin mai magani. Kwalabe da yawa daga ƙetaren iyaka suka shigo, kwamitin nan bai taɓa sa musu hannu ba. Rubutun jikinsu da Ingilishi yake. Mai sayarwa bai iya karanta shi ba, mai saye ma haka. Ma'auninsu marfin kwalba ne da «wane ya ce». Har piya-piya, wanda warinsa kaɗai yake korar mutum daga ɗaki, akan fesa shi bisa ganyen da za a ci ɗanye.

Ga kuma tsutsar tumatir da masana suke kira Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, mu ma ba ta bar mu ba. Tana shiga cikin ganye da cikin ɗan tumatir ta ɓuya, magani bai cika samunta ba. Manomi ya fesa, bai ga ta mutu ba, sai ya ƙara. Ya haɗa kwalba biyu wuri guda. Ya fesa yau, ya tsinka gobe, domin motar ƴan kasuwa ba ta jira. Alhali kowane magani na ƙwarai yana da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce jikin kwalba: wani kwana 3, wani 7, wani 14. Uwar gida kuma ta wanke salati da ruwan jabel ta ce ta gama. Jabel ƙwayoyin cuta yake kashewa. Maganin da ya riga ya shiga cikin jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi.

Duk wannan gaskiya ne. Tambayata ita ce: kwandon ya warware shi?

Mu fara da abin da kalmar «biyo» take ba ka. A 2012 masana na jami'ar Stanford a Amurka sun tattara bincike sama da 200 suka auna. Ba su ga wata hujja mai ƙarfi da ta nuna cewa kayan biyo sun fi sauran gina jiki ba. Abin da suka gani shi ne saurar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a jikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma shi ke nan. Karoti karoti ne. Kuma biyo ba ya nufin tsabta. A 2011 a ƙasar Jamus, tsiron hulba daga wata gonar biyo ya yaɗa cutar ciki, mutum sama da 50 suka mutu, dubbai suka kwanta. Can ke nan, inda masu bincike suke da yawa. Ina ga nan, inda ake zuba takin gida da bai gama ruɓewa ba, inda wasu garake na kwarin Gunti Yena suke shan ruwan da ya gangaro daga magudanan gari? Mutum yana iya rantsuwa bai taɓa riƙe kwalbar magani ba, ya yi gaskiya, salatinsa kuma ya kwantar da yaranka da zawo.

Tsadar kuwa, in manomin mai gaskiya ne, ba zalunci ba ce. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna gonar biyo takan rage amfani da kamar kashi ɗaya cikin biyar, wani lokaci ɗaya cikin huɗu. Ga wahala. Wanda ya taɓa daka ƴaƴan bedi, ya jiƙa su kwana, ya tace, ya fesa da maraice, bayan ƴan kwanaki ya sake, ya san ba aikin rago ba ne. Dole ya ƙara kuɗi. Amma a nan ɓarakar take. Tun da kalma ɗaya tana ƙara wa shu daraja, me zai hana wani ya yi sammako zuwa kasuwa, ya zaɓi masu kyau, ya jera su cikin kwandon kaba mai ado, ya ce biyo ne? Ban ce kowa haka yake yi ba, akwai masu amana cikinsu, kuma su wannan hali ya fi cuta. Na ce kai mai saye, daga ƙofar gidanka, ba ka da yadda za ka bambanta su. Ido ba ya ganin magani, harshe ba ya jinsa. Ramin tsutsa a jikin ganye ma ba shaida ba ne, domin tsutsa tana cin wanda aka fesa.

Waɗanda muka kwaikwayo ba haka suka fara ba. A Japan, cikin shekarun 1970, matan gida ne suka ƙulla alkawari kai tsaye da manoma. A Faransa, ƙungiyar farko irin wannan ta tashi a 2001. Tsarinsu shi ne masu saye su biya kuɗin kakar gaba ɗaya tun kafin a shuka. In gona ta yi kyau su ci tare, in ƙanƙara ta ɓata su yi hasara tare. Sun san manomin, suna zuwa gonarsa. A Turai, kafin a kira kayan lambu biyo, sai ƙasar ta yi shekara biyu ba ta sha maganin kwalba ba, kuma mai bincike yana zuwa. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun ga wannan bincike ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, sai suka yi nasu: manoma da masu saye da malaman gona su zagaya garka tare, su duba, sa'an nan a ba da shaida. Mu fa? Mun ɗauko kwando da babur, mun baro alkawari da ziyara a can.

Saboda haka in wani ya ce zai riƙa kawo maka kwando, ka ce masa ran Asabar kana so ka ga garkar. Ka duba rijiyar da take sha. Ka leƙa bayan bukka, inda ake jefa kwalabe. Ka tambaye shi abin da yake yi in tsutsa ta zo. Mai gaskiya zai ba ka amsa doguwa, har ka gaji. Ka lura da lokaci kuma. Salati da shu da tumatir kayan sanyi ne a ƙasarmu. Wanda yake kawo maka su sumul-sumul cikin zafin Afrilu ko tsakiyar damina, yana da bayanin da zai yi maka. In ya yarda ka gani, ka kuma gamsu, saya, kuɗinka ba su faɗi banza ba. In ya fara kame-kame, riƙe abinka.

Amma abin da ya fi ci mini rai daban ne. Wa maganin nan ya fi cutarwa? Ba mai cin salati a buro ba ne. Yaron da ya goya famfon feshi ne, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska tana maido masa da shi a fuska. Matarsa ce mai wanke rigar. Ƴaƴansa ne masu shan ruwa cikin bidon da aka zazzage magani daga ciki. Bayansu sai talakan gari mai sayen kashin tumatir na dala ashirin wajen mai talla. Kwandon ya tsame gida ɗari, ya bar gari duka a inda yake. Kuma waɗanda ya tsame su ne masu baki, masu ilmi, waɗanda in sun yi magana a kan kwalaben da suke ƙetaro iyaka za a saurara. Tun da nasu yana zuwa bisa babur, sai suka yi shiru. Abin dariya kuma, manomin hatsi na tudu, wanda bai taɓa samun kuɗin angire ba, biyo yake nomawa tun kakanninsa, ba wanda ya ƙara masa ko dala.

Mu koma wajen nama. Bature yana gudun naman kanti domin a can akan tsare dabbobi dubbai wuri guda, a ɗura musu abinci. Mu namanmu daga ina yake fitowa? Saniyar Azawak da ta Bororo da ragon balami, yawancinsu ciyawar daji suka ci. Naman da yake bisa teburin mahauci daga rugar nan ya zo, wadda kake ƙona man mota domin ka je. Abin da ka tsallake shi ne dillali da mahauci. Tare da su kuwa ka tsallake mutum na uku, wanda ba ka lissafa ba, wato ma'aikacin kiwo da yake tsaye a kwata. Shi yake duba dabba da ranta, bayan yanka ya tsaga huhu da hanta da zuciya, ya duba saifa, ya nemi tarin shanu da ƙwan tsila, sa'an nan ya buga hatimi. A gindin itace wa zai yi maka wannan? A 2016 zazzaɓin da ake kira na kwarin Rift ya faɗa wa yankin Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa, mutum sama da 30 suka rasu. Babbar hanyar kamuwa da shi ita ce taɓa jini da kayan cikin dabba maras lafiya. Makiyayi ba mugu ba ne, amma kowa ya sani, dabbar da ta fara rama ita ake fara rabuwa da ita. In an yi mata allura kwanan nan, akwai wadda sai an jira mako uku ko fiye kafin a ci naman. Ka tambaya? Sa'an nan ka jibga nama cikin firigo a watan Mayu, wuta ta ɗauke tun safe har dare.

Dabarar da ta dace da mu, iyayenmu sun riga Turawa saninta. Sunanta watanda. Ɗauki alli mu yi lissafi. Lambobin misali ne, kai ka sa farashin garinku. Gida 10 sun haɗa jika 30 kowanne, jika 300 ke nan. Sun sayi sa mai nauyin kilo 300 a tsaye. Bayan fiɗa, nama da ƙashi kamar rabin nauyin ne, mu ce kilo 150. Kowane gida ya tashi da kilo 15, kilo ya faɗo masa jika 2. Ga kayan ciki, ga kai da ƙafafu, ga fata, duk ba a sa su cikin lissafi ba. Cire kuɗin kora ko na mota, da na kwata, da ladan mai fiɗa. Abin da ya rage ka gwada shi da kilon mahaucin unguwarku. Sau da yawa za ka ga rata, musamman lokacin da makiyaya suka fi kawo dabbobi kasuwa. Kilo 15 kuma ba ya bukatar babban firigo: a dafa na yau, a soya wani, a shanya wani, a miƙa wa maƙwabci.

Sai dai watanda ma tana da sharaɗi. Ku tafi kasuwar dabbobi da wanda ya san dabba, ba wanda ya fi kowa baki ba. Ku kai ta kwata a duba, ko da za a ƙara muku ƴan daloli. In ma'aikaci ya ce a zubar da hanta, a zubar, kada wani ya ce «ai wuta tana kashe kome». Ku ɗauki mahaucin unguwa ya yi fiɗar, ku biya shi ladansa, domin shi ne zai ba ku rabin kilo bashi ranar 25 ga wata, ba mai ruga ba. A rubuta sunan kowa da abin da ya zuba cikin littafi tun ran farko. Ranar rabo kuma a aro sikeli, a kasa tsoka daban, ƙashi daban, kitse daban, a sa yaro ƙarami ya juya baya ya riƙa kiran sunan mai kowane kashi.