A Kan Takarda Inji Ba Ya Zafi

A shekarar 2011 wani kamfani da ke garin Wareham a jihar Massachusetts ta Amurka, Factory Five Racing, ya yi abin da manyan kamfanonin mota ba su saba yi ba. Ya buɗe ƙofa ya ce duk mai iya riƙe fensir ya zana masa jikin sabuwar motar da yake shirin fitarwa. Da haɗin gwiwar mujallar Grassroots Motorsports aka shirya gasar, zane kuwa ya yi ta kwararowa daga ƙasashe daban-daban har ɗaruruwa. An zaɓi gwanaye, an ba su kyauta. Da motar ta fito kasuwa a 2013, sai ga shi jikin da ke kanta ba na wanda ya zo na ɗaya ba ne, a cikin gida aka tsara shi. Masu sha'awar motar da dama sun ji haushi. Ni kuwa ina ganin kamfanin yana da hujja, ko da yake shi ma ba zan wanke shi tas ba.

Bari in fara da fayyace irin motar da ake magana, don ba irin wadda ake shiga wurin dillali a biya a tuƙo ba ce. Wannan motar haɗa-da-kanka ce. Kamfani zai aiko maka da ƙashin motar na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, da fallayen jiki na faiba, da buhunan kusoshi da notuna. Inji da giya da birki da sitiyari kai za ka nemo, galibi daga wata tsohuwar mota da za ka saya ka farke. Sana'ar ta yi ƙarfi a Ingila ne saboda haraji: a da motar da aka sayar a wargaje ba ta biyan harajin saye, shi ya sa Colin Chapman, mai kamfanin Lotus, ya riƙa sayar da Lotus Seven ta 1957 a haka. Da harajin VAT ya shigo a 1973 wannan rangwame ya ƙare, amma ɗabi'ar ta riga ta kama.

Motar Factory Five sunanta 818, wato nauyin da aka yi niyyar kada ta wuce, kilo 818. Za a ɗauko injin Subaru Impreza ko WRX na shekarun 2002 zuwa 2007, wanda a gidansu a gaba yake zaune, a mayar da shi bayan kujerar direba, gaban tayoyin baya. Wannan shi ake nufi da inji a tsakiya. Tazarar tayar gaba da ta baya inci 95. Kuɗin kayan a 2013 dala 9,990 ne, kuma burin shi ne mutum ya kammala motarsa bai kai dala 15,000 ba. Har ma an so a ce fallayen jikin su fito daga mazubi da launinsu, ba sai an kai wa mai fenti ba. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin su ne alƙalan gaskiya na gasar, tun kafin wani ɗan Adam ya zauna ya duba zane.

To, me ke faruwa idan aka baza zane ɗari a gaban jama'a aka ce su zaɓa? Wanda ya fi iya ruɗin ido shi ke cin tafi. Dabarun kuma sanannu ne, duk ɗalibin zanen mota ya iya su. Za a kumbura tayoyi su cika ramukansu fam, ba a bar ko yatsa biyu ba, alhali taya tana buƙatar wurin hawa da sauka idan an faɗa rami, ta gaba kuma tana buƙatar wurin juyawa. Za a danne rufi ƙasa har gilashin gefe ya koma kamar tsagar asusu. Za a zana motar daga kusurwa, ido a ƙasa dab da kwalta, a zuba mata inuwa da sheƙi. Ka kalla ka ce tubarkalla. Amma ɗauki wannan zanen ka shimfiɗa shi a kan ma'aunin da kamfani ya bayar, ka zaunar da mutum mai tsayin mita 1.85 a ciki, ka ɗora masa hular kwano tunda motar har filin tsere za ta je. Kansa zai fasa rufin ya fito. Abin kamar hoton ɗinki ne a kataloji da mai kaya ya kai wa tela: a jikin wanda aka ɗauka hoto ya zauna ɗas, amma tela da tef ɗinsa ya san kafaɗar da ke gabansa daban ce.

Wannan matsala ba ta ƙananan kamfanoni ba ce kaɗai. Ford GT40, wadda ta ci tseren Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, ta samo sunanta ne daga tsayinta, inci 40 daga ƙasa zuwa rufi. Direbanta Dan Gurney dogo ne, sai da aka yi wa rufin motarsa wani ƙulli a saitin kansa kafin hularsa ta sami wuri. Da wannan ƙullin ya ci tseren 1967 tare da A. J. Foyt. Yau masu ƙera kwafin motar har sayar da ƙullin suke yi a matsayin ado.

Inda na fi son a tsaya a daɗe shi ne zafi. Motar da injinta ke gaba ta huta: iska na bugun hancinta, ta ratsa lagireto, ta wanke inji ta fice ta ƙasa. Da zarar ka mayar da inji bayan direba ka saka shi a ɗaki mara taga. Dole ka yanke shawara ko lagireto zai zauna a hanci a ja bututun ruwa tun daga gaba har baya ta gefen kujeru, ko kuwa a rataye shi a kwiɓi a buɗe masa baki. Ko wanne ka zaɓa, shi zai faɗa maka siffar motar. Kuma shigar iska rabin aiki ne, sai an tanadar mata mafita. Iskar da ta shiga ba ta sami hanyar fita ba cunkushewa take yi, ta hana ta bayanta shigowa, ta kuma ɗaga hancin mota idan gudu ya yi gudu.

Marcello Gandini, wanda da wuya a sami mai zanen mota da ya fi shi suna a ƙarnin da ya wuce, ya sha wannan darasi a bainar jama'a. Samfurin Lamborghini Countach da ya zana, wanda aka nuna a bajekolin Geneva a 1971, sumul yake, sai 'yan tsage-tsagen iska a bayan tagogi. Da aka fara gwada shi a hanya, iskar ba ta isa ba. Motar da ta shiga kasuwa a 1974 ta fito da akwatunan shan iska a kafaɗunta da wani rami mai zurfi a kowane gefe. Abin sha'awa, waɗannan ƙare-ƙaren da larura ta tilasta su ne yau kowa ke gane Countach da su. Yayarta Miura ta 1966, wadda mutane da yawa ke cewa ba a taɓa zana mota mai kyanta ba, hancinta kan yi sauƙi a babban gudu, musamman idan tankin mai da ke gaba ya fara ƙarewa.

Ita 818 nata ciwon kan ya fi haka. Injin WRX mai turbo ne, kuma yana da na'urar sanyaya iskar da turbo ya matsa, wadda ke zaune a saman inji. A jikin Subaru akwai wani baki a kan bonet da ke hura mata iska kai tsaye. Ka kai injin baya, bakin ya tafi. Duk zanen da bai nuna ta inda iska za ta kai ga wannan na'ura ba, bai zana 818 ba, wata mota ya zana da ke cikin kansa. Ko motar da kamfanin ya fitar ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin masu haɗa ta da dama sun koma ga na'ura mai sanyaya iska da ruwa. Idan waɗanda ke da ƙashin motar a gabansu suna aunawa sun sha wuya a nan, ina ga wanda bai taɓa ganin injin ba sai a hoto?

Sai maganar mazubi, wadda masu yaba zane ba sa ko tunawa da ita. Fallen faiba a cikin mazubi ake shafa shi, ya bushe, a zare. Duk inda zane ya lanƙwasa ya koma ciki kamar ƙugiya, fallen ba zai zaru ba sai an yi mazubin gida biyu ko uku masu kwancewa. Kowace mahaɗa tana barin layi a jiki, layin sai an goge, inda aka goge sai an yi fenti, kuma da ma fentin ake gudu. Kwana ɗaya mai kyau a bayan taya na iya ƙara wa mai saye kuɗin da zai rusa lissafin dala 15,000. Haka gilashin gaba: mai lanƙwasa sosai kamar na jirgin yaƙi sai an yi masa nasa mazubin, an kuma tabbatar ya cika ƙa'idar gilashin mota. Doka ma tana da nata fensirin. A Amurka tsakiyar fitilar gaba ba ta sauka ƙasa da inci 22 daga ƙasa. A Birtaniya, gwajin IVA da ake yi wa irin waɗannan motoci tun 2009 yana bin jikin mota yana neman kaifi, gefen da zai iya taɓa mutum sai ya kasance a dakushe. Hancin nan mai tsini kamar mashi da ya ci tafi a gasa, a nan yake mutuwa.

Fitila kuwa kusan kullum aro ake yi, don ƙera sabuwa da samun amincewar hukuma ya fi ƙarfin ƙaramin kamfani. 818 ta farko da fitilun Toyota Camry ta fito, motar da ta cika titunanmu, kuma an yi mata dariya a kan haka. Ban ga abin dariya a aron ba. Lamborghini Diablo ta 1999 fitilun Nissan 300ZX ne a fuskarta, ba wanda ya ce ta zubar da girma. Abin tambaya shi ne ko an gina fuskar a kewayen fitilar, ko kuwa an gama fuska aka zo aka cusa ta. A nan ne nake ganin masu sukar 818 ta farko suna da gaskiya. Fitilar motar iyali mai faɗi da tsayi ta yi wa ƙaramin hanci yawa, fuskar ta fito kamar ba ta yanke shawarar abin da take son zama ba. Kamfanin da kansa ya sake hancin daga baya, lokacin da ya fito da samfurin 818 mai rufi.

Laifin kamfanin a wurina shi ne ya tara jama'a a kan zaɓen kyau, ya bar su suka ƙwallafa rai a kan hotunan da ba za su ginu a kan wannan kuɗi ba. Da tun farko an ce ba za a karɓi zane ba sai da hoton gefe a kan ma'auni, da mutum zaune a ciki, da tayoyi masu girman da za a saya a kasuwa, da kibiyoyi masu nuna shigar iska da fitarta, da rabin zanen bai iso ba, sauran rabin kuma da an yi musu a kan abin da zai yiwu.

Akwai kuma wata cuta da nake gani a irin waɗannan zane, har da na samarinmu masu hazaƙa da ke ɗora nasu a Facebook: kowa so yake ƙaramar mota ta yi kama da Ferrari ko Lamborghini. Layukan da aka tsara don doguwar mota mai faɗin kusan mita 2, idan aka matse su a kan gajeren ƙashi, sai motar ta fito kamar abin wasan yara. An ga haka a Amurka, inda aka yi ta lulluɓa wa Pontiac Fiero ta 1984 zuwa 1988 jikin Ferrari na jabu. Daga nesa ka waiga, daga kusa ka kau da kai. Gajeriyar mota mai inji a tsakiya tana da nata kyan: kujeru sun matso gaba, hanci gajere, ƙugu ya fi kafaɗa cika saboda a nan nauyi yake. Lotus Elise ta 1996 ba ta ari fuskar kowa ba, kuma har yau ba ta tsufa ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da injiniya ya ga dama a karɓa. Lotus Europa ta 1966, wadda Ron Hickman ya zana aka sa mata injin Renault 16 a tsakiya, ta yi biyayya ga iska sosai, amma dogayen bangayen da ke bayan tagoginta sun sa Turawan Ingila suka laƙaba mata motar burodi, kuma direba ba ya ganin abin da ke gefensa ta baya. Masu suka suka yi ta magana har 1971, lokacin da Lotus ta fito da samfurin Twin Cam ta zaftare bangayen. Sukar ta ci nasara ne saboda ta nuna abu takamaimai da za a iya aunawa a yanke: ga bangon, ga tsayinsa, ga abin da yake tare wa direba. Wanda zai duba zanen motar haɗa-da-kanka ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, ina roƙonsa ya fara tambayar inda lagireto yake, sannan ya nemi a nuna masa yadda ƙofa za ta buɗe idan an faka kusa da bango.