Keken da ba shi zuwa ko'ina



Wanga wata za mu yi magana bisa wani ɗan keke da wasunku sunka gani cikin waya, suna tambayar anhwaninshi. Ba shi da taya, ba shi da sirdi. Matakai biyu ne kawai irin na keke, bisa ƴan ƙahwahun ƙarhe. Yaro ma shina iya ɗaukar shi. Mutum shi zamna bisa kujera, shi aje shi gabanshi, shi yi ta murzawa da ƙahwa. Akwai wani abin murɗawa a jikinshi. In ka ɗaure, takawa ta yi nauyi kamar hawan tudu. In ka sassauta, ta yi sauƙi. Ma'aikatan buro na Turai da Amurka suna sa shi ƙarƙashin tebur. Likitoci kuma suna aiki da shi wajen tada ƙahwahun wanda ya daɗe kwance. Mu ce mishi keken zamne.

Na san abin da za ku ce. Wanda ya wuni da hauya, ko ya bi shanu tun hantsi har almuru, mi zai yi da keken da ba shi kai shi ko bakin Gulbi? Kuna da gaskiya. Kada kowa shi saida akuyarshi saboda wanga abu.

Amma ku duba cikin gida. Akwai Baba da ya aje noma, shina bisa tabarma ƙohwar gida tun sahe har la'asar. Akwai Inna da gwiwa ta hana ma zuwa rijiya. Akwai ƙanenku mai shago a kasuwar Maraɗi, wanda ba shi tashi sai salla. Akwai tela da ya sa ma kekenshi injin lantarki, ƙahwarshi ta huta. Mu kanmu ma mun canza. Daga Tsibiri zuwa Maraɗi wajen kilo 12 ne. Iyayenmu a ƙasa sunka yi ta, ko bisa jaki, ko keke. Yau ko unguwa za mu, sai mu tsaida kabu-kabu.

Ga abin da zama ke yi ma jiki. Masu garka sun san pampon nan na takawa da ya shigo ƙasarmu ƙarshen shekarun 1990, wanda anka sa ma suna Niyya da Ƙoƙari. Kana takawa, ruwa na hawowa daga rijiya. Ka daina, ruwa ya tsaya. To, Allah ya yi muna irinshi cikin ƙahwa. Zuciya tana tura jini ƙasa, amma komawarshi sama sai da taimakon naman sharaɓa. Duk takin da ka yi, naman shina matse jijiyoyi, jini shi hau. Cikin jijiyoyin akwai ƴan ƙohohi masu buɗewa sama kaɗai, don kada shi komo. In mutum ya wuni zamne, pampon ya tsaya. Shi ya sa wanda ya yi doguwar tahiya cikin mota ke sauka da ƙahwa a kumbure. A garkar Jiratawa lantarki ke jawo ruwa, mai garka ba shi taka komi. Jiki kuwa ba a ja mishi lantarki.

Abu na biyu, naman jiki in shina aiki shina cin sugan da ke cikin jini. In ba shi aiki, sugan shi taru. Yawan zama na cikin abubuwan da ke buɗe ƙohwa ga ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya. Hawan jini kuwa shi ne babban mai kawo shanyewar rabin jiki. Kun ga gidan da wanga ciwo ya shiga: rumbu na ƙarewa wajen magani, kuma dole mutum guda shi bar gona don jinya.

Cikin shekara ta 2020 Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce babba shi sami aƙalla minti 150 kowane sati na motsin da ke ɗan tada numhwashi. Wato minti 30 sau biyar. Ta ce kuma motsi kaɗan ya hi babu. Nan ne wurin keken zamne. Aikinshi kaɗan ne. Ba shi sauke teɓa, kuma bai kai tahiya a ƙasa ba, don tahiya tana ƙarhwahwa ƙashi, tana hana tsoho tangaɗi. A ganina, duk mai iya takawa zuwa masallaci ko kasuwa, to shi taka. Keken na wanda tahiya ta gagara ne, ko wanda sana'a ta ɗaure wuri guda.

In ɗanka ya aiko maka da shi, ga yadda za ka yi. Sami kujera mai ƙarhi mai wurin jingina. Aje keken bisa tabarma, ka tokare shi da bango don kada shi gudu. Hwara da minti 5 sahe, 5 marece, ba tare da ɗaurewa ba. Bayan sati ka ƙara kaɗan. Ma'auni shi ne ka iya hira kana murzawa. In magana ta gagara, ka yi yawa. Ana kuma aza shi bisa tebur a murza da hannu.

In ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numhwashi ya sarƙe, tsaya nan take, a kai ka gidan likita. Wanda ƙahwarshi guda ta kumbura, tana zahi, kada shi taɓa shi sai likita ya duba. Mai ciwon zuciya da wanda ya taɓa shanyewa su ma su tambaya tukuna. Mai suga shi sa takalmi, shi duba tahin ƙahwarshi kullum, don shina iya jin rauni bai sani ba. Kuma kada wanda ya aje ƙwayoyin hawan jini wai ya sami keke.

Wanda ba shi da mai aiko mishi hwa? Galibin gidaje ba a rasa tsohon keke jingine bayan rumbu. Mai walda shina iya yi mishi ƙahwahu, shi ɗaga tayar baya daga ƙasa, shi kahe shi da kyau. A dai kori yara, kada sarƙa ta kama yatsa. In shi ma babu, Baba shi zamna bisa kujera shi ɗaga diddige shi sauke, sau 20, bayan kowace salla.

Ɗalibanmu na karatun manya, ga aikin gida. Ku ja layi bakwai cikin kaye, ku rubuta sunayen ranaku daga Lahadi zuwa Asabar. Kowace rana ku sa adadin mintin da tsohon gidanku ya motsa. Ku zo da shi aji, mu haɗa lissahi tare.

Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.