Mai Sukari a Bakin Ƙofa: A Ba Shi Madadi, Kada A Tsaya Ga Hani

'Yan'uwa, idan aka gwada jinin mutum da safe kafin ya ci komai, aka ga lamba 7.0 ko fiye, aka sake gwadawa wata rana aka ga haka, to, ciwon sukari ya shiga. Idan kuwa lambar ta tsaya tsakanin 6.1 da 6.9, ciwon bai shiga ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Wannan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Wasu likitoci suna fara gargaɗi tun daga 5.6. Mai irin wannan lamba ba ya jin ciwon komai. Yana noma, yana kasuwa, yana cin abincinsa. Shi ya sa da yawa sukan yi watsi da maganar.

Abin da aka saba gaya masa shi ne, "Ka daina shan zaƙi." Maganar gaskiya ce, amma ba ta isa ba. Mutum yakan daure mako biyu, sa'an nan yunwar la'asar ta kama shi a bakin titi, ya sayi abin da ya saba saya. Ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya ƙwace wa mutum fanke, wajibi ne ya sa masa wani abu a hannu. Musanya tana ɗorewa, hani kaɗai ba ya ɗorewa.

Darasi daga Nima da Mamobi

Da yawa cikinmu muna da 'yan'uwa a zangunan Akra, kamar Nima da Mamobi. Wasu sun je fatauci, wasu dako, wasu aure ya kai su. Abin da ake ci a can kuma yana iso mu, domin kwalaben lemo da alewar leda sun riga sun cika kasuwannin ƙauye. Don haka ya kamata mu duba yadda zaƙi yake shiga cikin mutumin zango daga safe zuwa dare.

Da asuba akwai koko, mai sayarwa ta zuba sukari da babban cokali, a haɗa da fanke ko funkaso da aka barbaɗa wa sukari. Da hantsi a tsaya wurin mai shayi, a sha da madarar gwangwani da burodi mai zaƙi. Rana ta take, a sayi burkina mai sanyi, ko zoborodo wanda ake kira sobolo a can, ko lamurje. Da yamma baƙo ya zo, a aiki yaro ya sayo kwalbar malt. Mutumin nan zai rantse maka cewa shi ba ya shan alewa, kuma gaskiya ya faɗa. Sukarinsa ba taunawa yake yi ba, sha yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kuma ya fi kyau a tsaya wajen giram 25, wato ƙananan cokulan shayi 6. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai mililita 330 yana da kusan giram 35. Ke nan gwangwani ɗaya ya wuce rabon yini guda. Gwamnatin Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan kayan sha masu zaƙi na kamfani a 2023. Amma haraji ba ya shiga kofin koko, ba ya shiga robar zoborodon gida. Wannan aikin namu ne.

Dalilin da ya sa musanya take aiki

Jiki yana da wani sinadari da ake kira insulin, shi ne yake buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa cikin tsoka. A jikin mai sukari a bakin ƙofa, tsokar ta fara ƙin jin maganar insulin. Sukarin ruwa da na farar fulawa yana faɗawa jini gaba ɗaya, kamar ambaliya a ƙaramin kwalbati. Bayan ɗan lokaci yunwa ta dawo, a sake neman zaƙi. Gyaɗa, wake, ƙwai da ganye kuwa suna daɗewa a ciki, ƙarfinsu yana shiga jini a hankali, yunwa kuma ta jinkirta.

An gwada wannan hanya. A Amurka an yi babban bincike kan mutane fiye da 3,000 masu sukari a bakin ƙofa, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka koya wa gyara cin abinci, da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, da rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Sun fi waɗanda aka ba ƙwayar magani samun kariya. Mai kilo 80, kilo 5 ko 6 ke nan ake nema ya sauke.

Me za a sa a madadi?

Abin farin ciki, madadin yana kan titin da ake sayar da zaƙin. Wanda ya zaga kasuwar Nima zai same shi, haka ma kasuwar ƙauyenku.

Koko: a ce wa mai sayarwa kada ta zuba sukari, citta da kanumfari da barkonon ciki sun ba shi ɗanɗano. Wanda ya kasa, ya rage rabi a wannan mako, ya sake rage rabi mako mai zuwa. A sha ƙaramin kofi, domin gero ma yana zama sukari a jini. A haɗa da ƙosai biyu ko uku ko gyaɗa maimakon fanke.

Yunwar hantsi: dafaffen ƙwai da barkono, wanda ake tallarsa ko'ina a Akra, ya fi biskit da kek nesa ba kusa ba. Tubani, dafaffiyar gurjiya da kwaɗon zogale su ma suna riƙe ciki.

Kwaɗayin la'asar: gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, ko aya, ko ɓarin kwakwa, ko yalo da ƙuli-ƙuli. A guji gyaɗar da ta yi fumfuna. Mai hawan jini ya zaɓi marar gishiri.

Marmarin zaƙi: lemo ɗaya, gwaiba, yankan gwanda ko na kankana. A ci shi da tsokarsa, kada a matse. Lemo huɗu a kofi ɗaya sukari ne mai yawa, kuma an zubar da tuƙar da take rage masa gudu.

Ƙishirwa: ruwa ne sarki. Bayan shi, zoborodon gida da citta ba sukari, ko kindirmo tsagwaronsa.

Abubuwa uku da suke ruɗin mutane

Wasu sukan ce sun bar sukari sun koma zuma. Zuma da dabino da rake abinci ne masu kyau, amma a cikin jini duk sukari ne. Dabino ɗaya ko biyu ba laifi, cikin faranti kuwa laifi ne. Wasu sun gaskata cewa malt da madara yana ƙara jini. Abin da ya fi ƙarawa shi ne sukari. Mai ƙarancin jini ya zo a gwada shi a nemi dalili. Wasu kuma suna shan zaƙi, sa'an nan su bi da ruwan shuwaka ko na darbejiya, wai ɗaci yana kashe zaƙi. A baki ne yake kashewa, ba a jini ba.

"Ba mu da kuɗi, kuma baƙo fa?"

Wani zai ce wannan abincin masu hali ne. Ya lissafa kuɗin kwalbar lemo ɗaya, ya ga ƙwai ko ƙullin gyaɗa nawa za ta saya. Sa'an nan ya tambayi masu zuwa asibitin Mamobi ko cibiyar ciwon sukari ta Korle Bu kowane wata, nawa magani da mota suke ci, balle idan ido ko ƙoda ko ƙafa ta taɓu.

Maganar baƙo ta fi nauyi. A wurinmu karimci ne a tari mutum da abin sha mai sanyi, kuma ƙin karɓa kamar raini ne. Ba mu ce a bar karimci ba, cewa muka yi a sake masa kaya. A ranar suna, da biki, da Kirsimeti, da Salla, da taron zumuntar mata, a ajiye ruwa da gyaɗa da lemon ɓarewa. Idan baƙo ya ce, "An ce in rage zaƙi," kada uwargida ta ce, "Haba Baba, guda ɗaya ai ba ta kisa." Fastoci da limamai da masu unguwa su fara nuna misali a gidajensu. Mutum ɗaya ba ya iya wannan yaƙi idan duk gidan suna sha a gabansa, kuma 'ya'yan mai ciwon sukari su ne suka fi kusa da gadonsa.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya riga ya kamu, yana shan ƙwaya ko yana allurar insulin, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai, ya ji rawar jiki da gumi da jiri. Shi dole ya riƙa yawo da ɗan sukari a aljihu, kuma kada ya sauya cin abincinsa sai ya yi shawara da ma'aikacin lafiya. Haka ma mace mai ciki.

Jiki amana ce da Allah ya ba mu, kuma rigakafi ya fi magani. A zaɓi musanya ɗaya a wannan mako, a riƙe ta har ta zama jiki, sa'an nan a ƙara ta biyu. A riƙa tafiyar rabin awa, kwana biyar a mako. A dawo asibiti a sake gwaji a ranar da aka rubuta a kati, ko da ba a jin ciwon komai. Wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda akwai ciwon a danginsu, ya zo a gwada shi da safe kafin ya karya kumallo.