Zauren Fasaha: Kafin Ka Zuba Kuɗi a Laftof Ɗin Gem

 

A makon jiya wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare daga Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce shekara biyu ke nan yana tara abin da yake samu a shagon gyaran waya na yayansa, inda yake taya aiki Asabar da Lahadi. Mahaifinsa kuma ya yi alkawarin cika masa idan sakamakon jarrabawarsa ya yi kyau. Burinsa ya sayi laftof da za ta ɗauki wasan ƙwallo na EA Sports FC da GTA V ba tare da tana tsattsayawa ba. Yana tambaya wace iri zai saya, kuma yaya zai saita ta.

Ƙanena, na ji daɗin da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka. Ɗan yayata bai yi haka ba. Bara ya shiga wani shago, mai shagon ya nuna masa tambarin Core i7 a jikin wata siririyar laftof mai sheƙi, ya ce babu gem ɗin da ba za ta ɗauka ba. Ya biya, ya dawo gida yana murna. Da ya kunna wasan ƙwallo sai 'yan wasa suka riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Da na duba, firosesar ta 2017 ce, kuma babu katin hoto na musamman a cikinta ko kaɗan. Laftof ce ta ofis, lafiyarta ƙalau, amma ba a yi ta don gem ba. Da ya mayar, mai shago ya ce an riga an gama ciniki. Sabuwar laftof ɗin gem a kwali yau kuɗinta ya haura naira miliyan guda, don haka kuskure a nan yana nufin asarar gumin shekaru.

Katin hoto shi ne kan gaba

A laftof ɗin gem, abin da ke zana duk abin da kake gani a allo shi ne katin hoto, wanda a kasuwa ake ce wa girafik kad. Shi za ka fara tambaya kafin komai. Mafi yawan waɗanda za ka tarar na kamfanin NVIDIA ne, kuma lambarsu tana da ma'ana. A RTX 4060, lambobi biyu na farko suna nuna zubin da aka yi shi, wato jerin 40 da ya shigo laftof a 2023. Biyun ƙarshe kuma suna nuna matsayinsa a cikin jerin: 60 ya fi 50 ƙarfi, 70 ya fi 60.

Kowane kati yana da nasa ma'ajin na wucin gadi. GTX 1650 na 2019 yana da GB 4, kuma ya fara tsufa. RTX 3050 yawanci GB 4 ne, wasu GB 6. RTX 3060 da RTX 4050 suna da GB 6, RTX 4060 kuma GB 8. Ga wasannin da ka ambata, RTX 3060 ko 4050 sun wadatar. In aljihu ya kai 4060, zai daɗe yana yi maka aiki. Idan aka ce maka katin Intel UHD ne, ko NVIDIA mai harafin MX, to ka sani ba na manyan gem ba ne, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Laftof biyu za su iya ɗauke da kati mai suna ɗaya amma ƙarfinsu ya bambanta, domin kowane kamfani yana zaɓar yawan wutar da zai bar katin ya sha. RTX 4060 na laftof ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa 115. Siririyar laftof ba ta da wurin fitar da zafi, don haka sukan rage masa wuta, ƙarfinsa kuma ya ragu. Za ka ga wannan adadi idan ka buɗe NVIDIA Control Panel ka shiga System Information.

Firosesa, RAM da ma'aji

Kalmar i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Ka nemi cikakkiyar lambar. Ta ɗan yayata i7-8550U ce: lamba 8 tana nufin zubi na takwas, harafin U kuma yana nufin an yi ta don tattalin batir, tana shan wat 15, da ƙwaƙwalwa huɗu. Ita kuwa i5-12450H ta 2022 zubi na sha biyu ce, ƙwaƙwalwarta takwas, tana shan wat 45. Wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 nesa ba kusa ba. Abin da za ka riƙe shi ne harafin ƙarshe ya zama H ko HX. A ɓangaren AMD kuma ka nemi Ryzen 5 ko Ryzen 7 mai H, HS ko HX.

RAM ta zama GB 16, kuma ya fi kyau a ce guda biyu ne na GB 8, domin sun fi guda ɗaya babba saurin aiki. Idan kuɗi bai kai ba, kana iya sayen mai GB 8 muddin akwai gurbin ƙari a ciki. Ka tambaya, don wasu an liƙe tasu da dalma, ba a ƙara musu. Ma'aji kuwa ya zama SSD, aƙalla GB 512. Wasannin nan biyu kowanne yana neman wajen GB 100, ga Windows da kayan karatunka. Allo mai 1920 x 1080 da saurin 144Hz ya isa. Waɗanda ake yawan samu da sauƙin kuɗi sun haɗa da Lenovo LOQ, HP Victus, Acer Nitro da ASUS TUF. Manyan yayyensu irin su Legion, Omen, Predator da ROG sun fi tsada.

Ba a cinikin biri a sama

Da yawanmu ta hannu za mu saya, wadda aka yi amfani da ita a waje. Babu laifi a hakan, amma kada ka tura kuɗi don ka ga hoto a WhatsApp. Ka je da ƙafarka, tare da babba wanda ya san kwamfuta, ka yi waɗannan gwaje-gwaje a gaban mai shago.

Na farko, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance. Nan za ka ga ainihin sunan firosesa, yawan RAM, irin ma'aji da katin hoto. Abin da ka gani nan shi ne gaskiya, tambarin jiki kuwa kowa na iya mannawa.

Na biyu, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batir lokacin da aka ƙera shi da abin da ya rage yanzu. In ya faɗi zuwa rabi, ka sa kuɗin sabon batir a lissafin ciniki.

Na uku, ka sa a kunna gem mai nauyi na minti ashirin zuwa talatin. Laftof mai matsalar zafi takan yi lafiya a minti biyar na farko, daga baya ta fara ja da baya ko ta mutu. Ka saurari fanka, ka gwada kowane maɓalli da kowace ƙofar USB, ka duba allo ko akwai ɗigo ko layi.

Na huɗu, caja ta zama tata ta asali. Cajar irin waɗannan takan kai wat 150 zuwa 230. Idan aka haɗa ka da ƙarama mai wat 65, laftof ɗin ba za ta ba da cikakken ƙarfinta ba. Ka kuma tabbata babu kalmar sirri a BIOS.

Na ƙarshe, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin laftof ɗin, a rubuta kwanakin da za ka iya dawo da ita. Duk wanda ya zo maka da farashi mai arha fiye da hankali, babu caja babu rasit, ka guje shi. Sayen kayan sata yana kai mutum ofishin 'yan sanda ko da bai sani ba.

Wuta da zafi

Ka yi wa kanka wannan lissafi tun kafin saye. Laftof ɗin gem ba ta nuna ƙarfinta sai tana jone da wuta. A kan batir takan rage gudu, kuma da wuya ta wuce awa ɗaya ko biyu tana gem. Lokacin wasa tana iya shan wutar da ta kai ta fankar sama biyu ko uku. In gidanku ƙaramar sola kuke amfani da ita, za ka iya shanye batirin da ya kamata ya kai iyali asuba, kuma ka san abin da zai biyo baya daga wajen Mama. In janareta ne ko wutar NEPA mai hawa da sauka, ka sayi abin kare kaya daga tashin wuta, kada caja mai tsada ta ƙone a dare ɗaya.

Zafi shi ne babban abokin gabarta a ƙasarmu, inda a watan Afrilu ma'auni kan kai digiri 40. Kada ka ɗora ta a kan katifa, filo ko cinya, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ka sa ta a tebur, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu. Idan firosesa ta doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta lalace, shi ne za ka ga wasa ya fara sarƙewa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Ka riƙa rufe ta in ba ka amfani da ita, bayan hunturu ka kai wa mai gyara ya share cikinta.

Yadda za ka saita ta

Idan ta hannu ce, fara da goge komai ka mayar da Windows sabuwa, don ba ka san abin da mai ita na da ya bari ba. Ta zama Windows 11, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Sai ka sabunta Windows, ka sauke direban katin hoto daga NVIDIA kai tsaye. Wannan yana cin data, don haka ka jira garaɓasar dare ko ka nemi wurin da ke da waifai.

Daga nan ka shiga Settings, System, Display. A Advanced display ka tabbata allon yana kan 144Hz, don wani lokaci za ka tarar da shi a 60. A Graphics kuma ka zaɓi kowane gem ka sa shi a High performance, don ya yi amfani da katin NVIDIA maimakon ƙaramin da ke cikin firosesa.

Kowane kamfani yana da manhajar sarrafa fanka da wuta: Armoury Crate ta ASUS, Lenovo Vantage, OMEN Gaming Hub ta HP da NitroSense ta Acer. Lokacin karatu ka bar ta a yanayin shiru, lokacin gem ka ƙara mata ƙarfi. In akwai zaɓin tsayar da caji a kashi 80 cikin 100, ka kunna shi. Batirin da ke zama a cike kullum cikin zafi yana saurin mutuwa.

A cikin gem, kada ka kai komai ƙololuwa. Rage inuwa da ƙyalli zuwa matsakaici, kuma in zafi ya yi yawa ka tsayar da hotuna a 60 cikin daƙiƙa. Idonka ba zai rasa wani abin kirki ba, fanka kuma za ta huta.

Sai batun gem ɗin da aka fasa. Yawancinsu sukan buƙaci ka kashe Windows Security kafin su shiga, ta nan kuma ake cusa manhajar satar kalmomin sirri. Akwai halattattu na kyauta, kamar eFootball, Fortnite da Rocket League. Epic Games Store yana ba da gem kyauta kowane mako, Steam kuma yana yawan yin rangwame.

Shawarata gare ka

Ƙanena, shekara mai zuwa WAEC, NECO da JAMB suna gabanka. Wannan na'ura za ta iya taimaka maka, za ta iya kuma cinye maka lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtukan da take lissafawa, don haka ba zancen tsofaffi ba ne kawai. Ka zauna da Baba ku yanka lokaci: gem a ƙarshen mako, bayan an gama aikin gida da na makaranta. Katin da ke zana filin ƙwallo shi ne kuma ke tafiyar da Blender, manhajar zanen 3D ta kyauta, da aikin tace bidiyo. Ka koyi ɗaya daga ciki, ka riƙa gwada tambayoyin JAMB a kai tunda a kwamfuta ake rubuta ta. Ta haka wata rana za ta mayar da kuɗinta.

In kuma abin da kuka haɗa bai kai na mai katin kirki ba, kada ka takura wa mahaifinka, kada kuma ka sayi ta ofis da sunan ta gem kamar ɗan yayata. Ka ƙara haƙuri ka ci gaba da tari. In ba lallai sai ta ɗauka ba, kwamfutar tebur takan fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, kuma ana iya sauya mata kati nan gaba, abin da ba a yi wa laftof.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku. A mako mai zuwa za mu duba yadda ake gane batirin waya na jabu. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.