Manyan Makarantun Lafiya Da Zaman 'Yan Marina

Kusan duk hanyar da matafiyi ya bi zai fita daga garin Lafiya, sai ya wuce ƙofar wata babbar makaranta. In ya nufi Doma, ga Kwalejin Aikin Gona. In ya nufi Makurɗi, ga Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. In kuwa ya yi arewa ta hanyar Jos, zai fara tarar da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, wadda yanzu ake kira da sunan marigayi Sarkin Lafiya, Alhaji Isa Mustafa Agwai na Ɗaya, sa'an nan a Shabu ya iske Sashen Aikin Gona na Jami'ar Jihar Nasarawa mai hedkwata a Keffi. Ga garin da bai zama babban birnin jiha ba sai ran 1 ga Oktoba 1996, lokacin da aka cire Nasarawa daga Jihar Filato, wannan ba ƙaramin arziki ba ne.

To, amma tara makarantu a gari ɗaya daban, sa su aiki tare kuma daban. Tsarin ilmin ƙasar nan shi kansa ya sa kowace ta fuskanci nata ubangidan. Jami'o'i suna sauraren Hukumar Kula da Jami'o'i da ke Abuja. Kwalejojin fasaha da na aikin gona suna ƙarƙashin Hukumar Ilmin Fasaha, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma tana Kaduna. Kwalejin Horon Malamai ta Akwanga tana da tata hukumar dabam. Wata daga baitulmalin Tarayya ake ciyar da ita, wata daga na jiha. Kowace hukuma kuwa, kafin ta amince da wani kwas, sai ta aiko jami'anta su ga ɗakin gwaji da injuna da littattafai a harabar makarantar. Saboda haka kowane shugaban makaranta burinsa ya mallaki tasa tarakta da nasa injin walda, ko da makwabcinsa yana da irinsu a ajiye. Wannan shi ne zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa.

Ba sabon labari ba ne a Nijeriya a ji wata makaranta ta aro kayan aiki saboda zuwan masu bincike, in sun tafi ta mayar. Abin kunya ne, amma akwai darasi a ciki: ashe aron yana yiwuwa. Sauran a fito da shi fili, a rubuta shi a takarda, ya zama don amfanin ɗalibi ake yi, ba don rufe idon baƙo ba.

Lafiya ta riga ta ga misalin haka a kan hanyar Shandam. Jami'ar Tarayya ta buɗe karatun likita, alhali ba a yaye likita sai da asibitin koyarwa, gina sabo kuwa aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa. Sai gwamnatin jiha ta miƙa Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf ga Gwamnatin Tarayya, ya zama asibitin koyarwa na jami'ar. Ba a rasa masu fargaba ba, don ma'aikaci yana son ya san makomar albashinsa, talaka kuma yana son ya san ko kuɗin magani zai hau, kuma waɗannan tambayoyi ne na gaskiya. Duk da haka, an nuna cewa abin da jiha ta gina yana iya zama ajin karatun makarantar Tarayya. In an iya da asibiti, wanda rayuka ke cikinsa, me zai hana a iya da gona da ɗakin injuna?

Dattawan da suka yi aikin malanta a Arewa ba za su ga baƙon abu a nan ba. Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana aiki da ma'aikatun ilmi na jihohin Arewa, tana lura da karatun manyan kwalejojin horon malamai, tana shirya wa malamai bita a lokacin hutu. Haka kuma makarantun aikin gona na Samaru da Kabba da Mando suka zauna a inuwar jami'ar guda. Da jihohi suka yawaita, kowace ta so tata, har aka saba da ganin haɗa kai kamar gazawa.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne ayyuka sun fara shigowa jihar. Kamfanin Olam yana da babbar gonar shinkafa da injin casa a Rukubi ta ƙasar Doma. Kamfanin Dangote yana noman rake a Tunga ta ƙasar Awe. A watan Mayu 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam ta wani kamfanin ƙasar Sin a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Irin waɗannan wurare ba takardar shaida suke fara tambaya ba. Suna neman mai iya gyaran famfon ban ruwa, da mai walda, da mai haɗa wutar lantarki, da direban babbar tarakta wanda zai ji ƙarar inji ya san abin da ke damunsa. In ba su samu a Lafiya ba, za su ɗauko daga wani wuri, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Ɗan gari ya ƙare da gadin ƙofa, difloma tana cikin akwati.

Gwamna Abdullahi Sule, wanda injiniya ne kuma ya shugabanci kamfanin sukari na Dangote kafin ya hau mulki a 2019, ya gina cibiyar koyar da sana'o'i a Lafiya, aka sa mata sunan Wing Kwamanda Abdullahi Ibrahim, gwamnan soja na farko a jihar. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a watan Fabrairu 2022. Aiki ne mai kyau, sai dai masu dogon tunani za su tuna da tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980, lokacin da aka shigo da injunan koyar da sana'a aka rarraba wa makarantun sakandare, da yawa suka yi tsatsa a cikin akwatunansu don babu wuta, babu malamin da ya iya su. Inji ba ya daɗewa sai yana da masu aiki da shi kullum, da wanda gyaransa ya rataya a wuyansa.

Abin da ya kamata ke nan Ma'aikatar Ilmi ta jiha ta tara shugabannin makarantun nan da wakilan kamfanoni a zauna. A lissafa abin da kowa ke da shi. A yanka wa ɗaliban kwalejin fasaha da na jami'o'i ranakunsu a cibiyar sana'o'i, a buɗe gonakin Shabu da na hanyar Doma ga ɗaliban juna, a sauƙaƙa wa wanda ya gama difloma a aikin gona shiga aji biyu na jami'a ba tare da yawon ofis-ofis ba. Hukumar ITF mai hedkwata a Jos, wadda tun 1973 take da shirin tura ɗalibai masana'antu don sanin makamar aiki, ita ma a ba ta kujera, don watannin nan su zama na koyo, ba na sa hannu a littafi kawai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin man janareto da na kayan gyara. Muddin ba a rubuta nawa kowace makaranta za ta biya a kan kowane ɗalibi ba, da kuma wanda zai ɗauki asarar abin da ya lalace, to mai inji zai kulle ɗakinsa ya sa mabuɗi a aljihu, kuma yana da hujja. Ya kamata kuma yarjejeniyar ta bi ta Majalisar Dokokin jiha, don shugaban makaranta yana da wa'adi, gwamna ma haka, wanda ya gaje su kuwa ba dole ne ya san da zancen ba.