Buroshin Kwalliya: Mai Tsada Ko Mai Araha?

Sau da yawa akawu ko malamin makaranta yakan tafi kanti haɗa lefe, a ajiye masa buroshin shafa hoda iri biyu, kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Wanne zai ɗauka?

Mu dai mun duba al'amarin. Masu tsadar nan, irin na garin Kumano a ƙasar Japan, da hannu a ke jera gashinsu, na akuya ko na kurege, ba a kuwa datse bakinsa, shi ya sa ya ke da taushi, yana riƙe hoda. Na nailan ba ya shan mai, ga sauƙin wanki. Aibin mai arahar gaske kuwa shi ne rashin ƙarfin gam, watau gashin ya dinga zuba a fuska.

Saboda haka shawararmu ita ce, a sayi guda mai kyau domin hoda, sauran a nemi matsakaita. A riƙa wankewa, a shanya a kwance, kada ruwa ya shiga gindin. Lalle araha ba ta ado, amma fa cin bashi a kan albashi ya fi rashin ado muni.